Ledojin cefane sun cika min gida: in ci gaba da tarawa ko in sayi jakar yadi?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan abin da wasu za su ga bai kai a kawo shi nan ba, amma ni ya dame ni.

Ni dai ba na iya jefar da abin da nake ganin zai yi amfani wata rana. Duk ledar da ta shigo gidana da cefane, in dai ba ta yage ba, sai na kakkaɓe ta na ajiye. Da farko durowa ɗaya ce a kicin. Da ta cika na koma cusa su cikin wata babbar leda da na rataye a bayan ƙofa, yanzu ita ma ta cika na rataye ta biyu. Ina amfani da su kam. Ina shimfiɗa wa kwandon shara, ina ƙulle famfas ɗin yarinya, ina sa takalma a ciki in za mu yi tafiya. Amma abin da ke shigowa ya ninka abin da ke fita nesa ba kusa ba. Kuma kwanan nan in na taɓa tarin da dare sai in ga kyankyasai suna fitowa a guje.

Maigidan ya ce in kwashe su duka in cinna musu wuta kowa ya huta. Babbar 'yata kuma ta dawo daga makaranta da wa'azin cewa leda tana lalata duniya, wai in sayi jakar auduga irin wadda ake yayi, in daina karɓar leda gaba ɗaya. Ni kuwa hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Ƙonawa almubazzaranci nake ganinsa, ga hayaƙi. Sayen jaka kuma, yaya zan cire kuɗi in sayi abin zuba kaya alhali ga abin zuba kaya nan jibge a bayan ƙofa? Kuma in na daina karɓar leda, me zan riƙa shimfiɗa wa kwandon shara? Sai in koma sayen ledar shara ke nan? To ina tattalin yake?

Masu dabara ku taimaka. Yaya kuke yi da naku? Wanke leda a sake amfani da ita yana da riba, ko wahalar banza ce? Jakar audugar nan da gaske ta fi? Waɗanda suka yage fa, ƙonawa ake yi ko yaya?

Hajiya Uwani:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Tambayarki ta kai a kawo ta, don gidaje kaɗan ne ba su da wannan ƙunshin na bayan ƙofa. Amma ki yi haƙuri da abin da zan fara faɗa miki, 'yata: abin da kike yi ba tattali ba ne tukuna, tari ne. Ledar da aka ajiye ba a taɓa ta ba, shara ce da aka ba masauki. Tattali yana farawa ne ranar da ledar ta sake fita daga gidan ta dawo da kaya a cikinta.

Matsalarki a bakin ƙofa take, ba a kicin ba. Ki lura da fita ɗaya ta cefane. Mai wannan ya ƙulla miki a leda, mai wancan ya ƙulla miki a leda, wani ma ya riɓanya biyu wai kada ta fashe, sannan a ƙarshe a ba ki babba da za ta haɗiye su duka. Babu gidan da ke da sharar da za ta cinye wannan. Duk dabarar da za a koya miki ta sake amfani, in ba ki rage shigowar ba, ba za ki taɓa ganin ƙasan tarin nan ba.

Ga yadda nake yi. Ledoji masu kauri da hannu, su ne 'yan kasuwa, kuma wurin zamansu jakar hannuna, ba durowa ba. Ina shimfiɗa leda in fitar da iskar, in ninke ta a tsaye har ta zama siririya, sannan in riƙa naɗe ta kusurwa-kusurwa daga ƙasa, in cusa hannun a cikin ninkin ƙarshe. Takan koma ƙarama ƙwarai, uku ko huɗu ba sa cin wuri. Sirrin duka yana wuri ɗaya: da na juye cefane, a tsayen nan nake ninke ledar in mayar da ita jaka. In kika ce bari in ajiye anjima in mayar, ta zama 'yar bayan ƙofa. Mutane ba rashin leda ke sa su karɓi sabuwa ba, barin ta a gida ne. Ki sa biyu a aljihun Baban Ilham ko a abin hawansa, kuma in yaron aike zai fita, ya riƙe kuɗi a hannu ɗaya leda a ɗayan.

Sai maganar baki. Hannun mai kaya ya fi bakinki sauri, kafin ki gama cewa a bari ya riga ya ƙulla. Saboda haka ni nakan miƙa tawa a buɗe kafin ma in faɗi abin da nake so. "Bar taka, zuba min a nan." Mafi yawansu murna suke yi, don su ma da kuɗinsu suke sayen ledar. Akwai wanda zai kalle ki kamar wadda maƙo ya yi wa yawa. Ki bar shi ya kalla, ba shi zai share miki kicin ba. Kuma abu guda da za ki iya riƙewa a hannu ko ki jefa a jaka, sabulu ne ko batir ko maganin da ke cikin kwalinsa, me zai yi da leda?

A gida kuma ki yi musu iyaka. Ni ƙafar tsohon wando na yanke, na sa roba sama da ƙasa, na rataye. Ana cusawa ta sama, ana zarowa ta ƙasa, ta haka tsofaffin ne ke fara fita. In ta cika ta cika, ba na karɓar sabuwa sai ta sassauta. Iyakar nan ita ce ke hana buhu na biyu.

Kyankyasan da kike gani ba leda suka zo ci ba. Laima ce da ɓurɓushin abinci suka kira su, ga duhu ga ɗumi. Leda ba ta shiga ma'ajiya sai na juya cikinta waje na kakkaɓe, na tabbatar ta bushe. Wadda ta ɗauko ɗanyen nama ko kifi ko wani abu mai maiƙo kuwa ba ta kwana. Aiki ɗaya ya rage mata, a zuba jiƙaƙƙiyar shara ko famfas a ƙulle, ta fita a ranar. Wannan ba a wanke ta don a sake sa abin ci, ko da ta fi kowace kyau.

Wanki: mai kauri kaɗai ta cancanta. Ita ma ba na ɓata mata sabon ruwa da sabulu, a ruwan ɗaurayar wanki nake tsoma ta, in juya ta, in ƙulla hannunta a igiyar shanya a inuwa. Rana tana cinye leda, in ta daɗe a cikinta sai ta fara marmashewa a hannu. 'Yar siririyar nan da ake ganin yatsa ta cikinta, sabulun da za ki kashe mata ya fi ta daraja.

Tsoronki na ledar shara kuma, kwantar da hankalinki. Ko kin rantse ba za ki ƙara karɓar leda a kasuwa ba, ledoji za su ci gaba da shigowa da kansu: ta garin sabulu, ta famfas ɗin kanta, ta sabon tufafi, duk abin da kamfani ya rufe. Ki yanke bakinsu da almakashi a miƙe maimakon ki yaga, sun zama ledar shara, kuma sun fi na kasuwa ƙarfi. Sannan ki raba sharar. Busasshiya, takarda da ƙura da kwali, ba ta buƙatar shimfiɗa, a juye kwandon a ɗauraye. Ɓawo da ganye su tafi wajen dabbobi ko ramin taki in akwai. Abin da ya rage mai jiƙa kaɗan ne, ƙaramar leda ta ishe shi.

Jakar 'yarki kuwa, ki ce mata ta kawo tsohon siket ɗinta ko zanen gado da ya mutu a tsakiya gefensa na da rai. Jaka biyu za su fita. Tsohon buhu ma in aka wanke aka ɗinka masa hannu, ya fi duk wata jakar yayi ɗaukar nauyi. Ban ga dalilin sayen sabon abu don maganin yawan abu ba.

Tarin da ke bayan ƙofa yanzu, ki zauna rana ɗaya ki zazzage shi a tsakar gida. Masu kauri jaka, masu tsabta ƙafar wando, rarar masu kyau ki ba masu sayar da kayan da ba na ci ba, irin su ƙusa ko gawayi ko dashen itace, za su karɓa da godiya. Kuma tunda kina da ƙaramar yarinya, ma'ajiyar ta yi sama inda hannunta ba ya kai. Siririyar leda tana manne wa hanci da baki, yaro ba ya iya cire ta.

Malamin Kimiyya:

Hajiya ta gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ƙari kawai zan yi a kan jakar auduga da ƙonawa, tunda su ne gardamar gidan Maman Ilham.

A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar da wani bincike da ya bi kowace irin jaka tun daga kayan da aka yi ta da su har zuwa zubar da ita, aka auna gudummawarta ga ɗumamar yanayi. Idan aka kwatanta da siririyar ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya aka yar, jakar takarda sai an yi amfani da ita sau 3 kafin ta rama, leda mai kauri sau 4, jakar roba mai kama da yadi sau 11, jakar auduga kuwa sau 131. Idan kuma kowace siririyar leda tana ƙarewa a matsayin shimfiɗar kwandon shara, kamar yadda Maman Ilham ke yi, lissafin audugar yana hawa zuwa sau 327. Dalili a fili yake: auduga sai an noma ta da ruwa da taki da maganin ƙwari, a kaɗa, a saƙa, a ɗinka, kuma ta fi leda nauyi sau da yawa. Wanda ya sayi jakar auduga biyar yana mantawa da su a gida bai taimaki kowa ba sai mai sayar da jaka. Jakar da Hajiya ta ce a ɗinka da tsohon zane kuwa ba ta da wannan bashin, an riga an biya shi tun zanen yana sabo.

Sai dai kada 'yar ta ji an kayar da ita. Wancan lissafi bai auna ledar da iska ta kwasa ta toshe magudanar ruwa ko ta shiga cikin dabba ba, kuma a nan ne leda ta fi ɓarna. Bangaladash ce ƙasa ta farko da ta haramta siririyar leda a 2002, bayan an gano yadda take toshe magudanu lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008. Kenya ta kafa tata dokar a watan Agustan 2017, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara 4 ko tarar shilin miliyan 4. Wasu ƙasashen ba su hana ba, kuɗi suka ɗora. Ayaland ta sa harajin santi 15 a kan kowace leda a 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Ingila ta sa peni 5 a watan Oktoban 2015, manyan kantuna suka ga raguwar da ta haura kashi 90. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya canza shi ne an fara tambayar mutum ko yana so, maimakon a miƙa masa kawai. Wato daidai wurin da Hajiya ta sa yatsa.

Tambayarki ta ledar shara ma ba ta banza ba ce, masana sun yi ta. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan garuruwan jihar Kalifoniya ta Amurka da suka hana ledar kanti ya gano cewa sayen ƙananan ledojin shara ya ƙaru da kashi 120 cikin 100, har kusan kashi 30 na robar da aka rage ta dawo ta wannan hanya. An rage dai, amma ba kamar yadda aka zata ba. Saboda haka dabarar yanke bakin ledar garin sabulu ba ƙaramar dabara ba ce.

Wani abin da nakan gaya wa ɗalibaina su yi mamaki: wanda ya ƙirƙiro ledar cefane mai hannu injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, kamfanin Celloplast ya yi rajistar ƙirar a 1965. Ɗansa ya shaida wa BBC a 2019 cewa mahaifin nasa kullum da leda a ninke a aljihunsa yake yawo, bai yi ta don a yar bayan amfani ɗaya ba.

Ƙonawa kuwa, Maman Ilham, ki ba maigida haƙuri. Ledar cefane daga man fetur ko iskar gas ake samo kayanta, sunansa foli'etilin. Wutar tsakar gida ba ta da zafin da zai cinye shi sarai, sai ya riƙa narkewa yana fitar da baƙin hayaƙi da iskar kabon monoksaid da ƙananan ɓurɓushi masu shiga huhu. In akwai mai asma ko jariri a gidan, su ne za su fara biya. Idan kuma aka haɗa da robar PVC, irin ta bututun ruwa da bawon waya, ana iya samun gubar dayoksin, wadda ke daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi. Ga shi narkakkiyar leda tana ɗiga, in ta sauka a fata mannewa take yi. Haka ma masu hura gawayi da leda, a daina, takarda ko busasshen kara sun wadatar.

Kada kuma a ruɗe ku da ledar da aka rubuta wa cewa tana ruɓewa da kanta. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun binne irinsu a ƙasa, bayan shekara 3 suka tono wasu suka zuba musu kaya suka ɗauka ba su yage ba, an buga sakamakon a 2019. Akwai ma nau'in da ke farfashewa kawai ya zama ƙananan gutsattsarin roba, wanda Tarayyar Turai ta haramta daga 2021.

Mai Awaki:

Salam. Ni ba ni da ilimin Malam, kiwo nake yi, kuma ta nan na san leda. Akuya da tunkiya da saniya suna cin ledar da ke da ƙanshin abinci ko gishiri. Ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta taru a tumbi ta dunƙule. Za ka ga dabba tana rage cin abinci, ciki a kumbure, jiki yana ramewa, ka yi ta ba da maganin tsutsa a banza. Sai an yanka mahauci ya ciro dunƙulen, ko likitan dabbobi ya yi aiki in dabbar mai tsada ce.

Roƙona ɗaya ga iyayenmu mata: duk ledar da za a yar, a ƙulle ta ƙulli biyu, ko a cusa yagaggun duka cikin guda a ɗaure tamau. Buɗaɗɗiyar leda iska ke ɗauke ta daga juji, ƙullalliya tana zama inda aka sa ta. Da damina kuma buɗaɗɗiyar tana tare ruwa, sauro ya samu wurin ƙwai.

Amma Hajiya, da girmamawa, ba wa masu gawayi rarar leda ba kawar da matsalar ba ce daga gidanki zuwa titi? Wanda ya saya zai yar da ita ne dai.

Hajiya Uwani:

Ɗana, zai yar, gaskiyarka. Amma mai gawayin nan ko na ba shi ko ban ba shi ba, a leda zai ƙulla. In ban ba shi tsohuwa ba, sabuwa zai saya. To ka ga guda ce za ta je juji maimakon biyu. Maganar ƙulli kuwa na karɓa hannu biyu, a gidana ma haka ake yi, na manta ban faɗa ba.

Ummi Mai Saƙa:

Anti Maman Ilham kada ki bayar da masu launi, don Allah! Ana saƙa da su. Ki shimfiɗa leda, ki yanke ƙasan da hannun, sauran ki yayyanka shi a kwance kamar faɗin yatsu biyu. Kowane yanki zai fito zobe. Sai ki riƙa sarƙa zobe cikin zobe kina ja a hankali, ya zama dogon zare, ki naɗe shi ƙwallo. Da kwarashi mai kauri ake saƙa shi. Ni na yi tabarmar bakin banɗaki da jakar cefane, kuma jakar ta fi ƙarfin ledojin da aka yi ta da su, ruwa ba ya cin ta, in ta yi datti a ɗauraye a rataye. Jaka ɗaya tana cinye ledoji masu yawan gaske, tarinki zai ragu da sauri.

Ba ni na ƙirƙiro ba. A ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, wata mata mai suna Isatou Ceesay ta fara wannan da wasu mata kaɗan a 1997, bayan ledoji sun addabi garin suna kashe musu awaki. Suna wankewa, su saƙa ƙananan jakunkuna su sayar, har abin ya zama sana'ar mata da yawa. Yagaggun da ba su saƙuwa kuma ina cusa su a matashin zama na waje, ko in nannaɗe kofunan tangaran da su in za a yi ƙaura.

Hajiya Uwani:

Allah ya yi albarka Ummi, sana'a ce mai kyau, kuma ki koya wa 'yar Maman Ilham tunda ita ce mai kishin duniya, ta saƙa jakar da take so a saya. Sai dai gida ɗaya tabarmar banɗaki nawa zai ci? Saƙa za ta cinye tarin da ke nan, ba za ta hana wani taruwa ba. Kuma na san masu karɓar leda da gangan don launinta ya dace da saƙarsu, wannan kuma an koma gidan jiya.

Maman Ilham:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, ban da ta cewa. Na karanta wa Baban Ilham bayanin Malam a kan hayaƙi, ya ce ya janye, amma da sharaɗin ƙofar kicin ta riƙa buɗuwa har bango.

Saura abu biyu. Malam, baƙar ledar nan wani lokaci tana da wani irin wari tun tana sabuwa, kuma a cikinta ake zuba wa yara abinci mai zafi in an aike su. Akwai matsala? Sannan Hajiya, jakar da za a ɗinka da tsohon zane, yaya ake yi hannun kada ya tsinke? Wadda aka taɓa ba ni kyauta a hannun ta mutu.

Malamin Kimiyya:

Baƙar leda sau da yawa daga tsofaffin robobi da aka narkar ake yin ta, baƙin launin yana rufe bambancin kayan da aka haɗa. Sake narkar da roba abu ne mai kyau, amma ba a san me robar ta ɗauka a rayuwarta ta farko ba, kuma ba don abinci aka yi ta ba. Warin da kike ji ya ishe ki gargaɗi. Zafi da maiƙo su ne ke sa abin da ke jikin roba ya fi saurin shiga abinci. Foli'etilin mai laushi yana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Salshiyos, man suya kuwa yana kai wa 170 zuwa 180, shi ya sa abin da aka tsamo daga mai yanzu yake sa leda ta yamutse. A ba yaro kwano mai murfi ko kula ya tafi da shi. An rage leda, an kuma huta da wannan tunanin.

Jakar yadin ma a riƙa wanke ta, musamman in jini ko ruwan kifi ya taɓa ta, don yadi yana shan abin da leda ba ta sha. Nama da kifi su samu robarsu mai murfi daban, kada su haɗu da abin da za a ci ɗanye.

Hajiya Uwani:

Hannu yana tsinkewa ne saboda an liƙa shi a bakin jakar kawai, duk nauyin yana rataye a ɗinki ɗaya. Ki ce wa tela ya yanka doguwar igiya ta yadin, ya ninka ta huɗu ya bi ta da ɗinki, sannan ya zagaya da ita ta ƙarƙashin jakar ta fito ta ɗaya gefen, hannu biyun su zama igiya ɗaya. Ta haka ƙasan jakar ne ke ɗaukar kayan. Inda igiyar ta bar bakin jakar ya yi ɗinki mai kusurwa huɗu ya gicciya a ciki. Ƙasan ya riɓanya yadi biyu, kuma kada ya yi ta da girma sosai, jakar da ta wuce ƙarfin hannunki a gida za ta zauna. Ya sa ɗan aljihu a ciki na ninkakkun ledoji, don gari da hatsi da duk abin da ke zuba sai da su.